Ɗalyani da Mim Mai Shadda

Idan ka shiga unguwar Ammariyya ta Jidda kana tambayar gidan Zaharadden, za ka sha yawo. Amma ka ce Ɗalyani, ko mai sayar da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, a bakin layi zai nuna maka benen da ludayinsa, ya ƙara maka da gargaɗin cewa matakala ta uku ta karye. Ɗalyani a bakin mutanen Jidda shi ne mutumin Italiya. Namu dai bai taɓa taka Italiya ba. In gaskiya ake so, bai taɓa taka ko'ina ba. A Jidda aka yanke masa cibiya, kakansa ne ya taso daga Haɗeja ya zo Hajji, ya sauke farali, ya dubi tsawon hanyar komawa ya ce nan ma gari ne. Don haka Zaharadden ya tashi da ƙasashe biyu: ɗaya sunanta na jikin fasfonsa amma bai san kalar ƙasarta ba, ɗaya a cikinta aka haife shi amma duk shekara sai ya sabunta iƙama, takardar izinin zama, kafin ta yarda yana nan. Da wani ne, da biyun nan sun ishe shi ciwon kai. Shi sai da ya nemo ta uku.

Allah ya ba shi kunne, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Malamin da ya karantar da su Alƙur'ani suna yara mutum ne da zai yafe maka makara, ya yafe maka ƙazanta, amma ba ya yafe shadda. Ba shaddar ɗinki nake nufi ba, 'yar alamar nan da ake ɗora wa harafi don a danne shi sau biyu. Duk wanda ya tsallake ta, jikinsa ne zai gaya masa. Zaharadden ya fito daga hannun malamin da abu biyu: kunnen da ba ya barin harafi ya sulale, da kuma aƙidar cewa ba a wanke allo sai an haddace abin da ke kansa. Na farkon ya ciyar da shi. Na biyun kuwa, za mu zo kansa.

Da ya girma ya sami aiki a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, wurin wani Alhaji Abdulmohsen da ma'aikata ke kira Abu Yazan, mai shigo da marmara daga ƙasashen waje. Aikin Zaharadden a takarda ɗaukar kaya ne. A zahiri kuwa, duk falalen marmarar da aka sauke sai ya zagaya ta da mukullin ɗakinsa yana ƙwanƙwasawa, ya kara kunne. In ya ce akwai tsaga a ciki, to akwai, ko da ido bai gani ba. An gwada shi har an gaji.

Yana da shekara talatin da takwas aka kawo wata sabuwar na'urar yanka dutse, tare da wani dattijo ɗan Italiya mai suna Sinyor Ettore da zai haɗa ta. Wata huɗu mutumin ya yi a Jidda yana zufa yana zagin zafi da harshensu. Ya ga abin da Zaharadden ke yi da mukulli, ya sa aka jera masa falale goma, ya canza musu wuri, ya sake jerawa. Zaharadden bai kuskure ko ɗaya ba. Ranar da zai koma, Abu Yazan ya yi masa walimar rana a gidan hutunsa na Abhur, can bakin teku, aka gayyaci ma'aikata. Bayan an ci kifi an ƙoshi, dattijon ya kama kunnen Zaharadden yana dariya, ya ce da harshensu:

"Ti porteremmo a Carrara domani, se si potesse."

Zaharadden bai fahimci komai ba sai Carrara, garin da sunansa ke jikin akwatunan marmara. Amma kunne ya yi aikinsa. Kafin a kawo shayi ya zaro takardar kaya daga aljihu, ya rubuta maganar da haruffan Larabci kamar yadda ta fito daga bakin mutumin, ya ɗora wa mim shaddarta, don ya ji ta sarai, an danne ta sau biyu.

Da ya koma gida ya tambayi wayarsa. A lokacin boko bai zauna masa ba, da Larabci ya yi karatu, bai san cewa su Turawa in za su yi shadda harafin suke maimaitawa ba. Ya nemi inda zai ɗora alamar bai samu ba, sai ya buga kalmar da mim ɗaya. Waya ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta fassara: za mu kai ka Carrara gobe. Ragowar maganar ta ce masa wani abu ne mai kama da "in ya yiwu", shi kuwa ya ce ai wannan in sha Allahunsu ne, kowace al'umma da nata. Saura shaddar. Ita wannan bai buƙaci waya ba, da iliminsa ya warware ta. A Larabci in ka ce kasara, ya fasa ke nan; in ka ce kassara, ya ragargaza. Shadda ƙarfi take ƙarawa, yaron makaranta ma ya sani. Ashe ba alkawari kawai aka yi masa ba, alkawari ne mai rantsuwa a ciki.

A ranar ya hau sama wurin yayarsa Saudatu, wadda ta riƙe shi tun rasuwar uwarsu, ya shaida mata cewa zai tafi Italiya.

"Ma sha Allah," in ji ta, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. "Yaushe?"

"Ya ce gobe. Ya'ni ba goben nan ba, Yaya, goben manya."

"Taiyib. Surayya fa?"

To, nan gizon yake. Surayya ƙawar Saudatu ce, a bene na gaba take, mijinta ya rasu shekara uku kafin nan. Turaren wuta take haɗawa tana kai wa shagunan Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, mace ce mai dariya da rashin son dogon zance. Magana ta riga ta yi nisa tsakaninta da Zaharadden, manya sun sani, abin da ya rage a sa rana. Kuma yana sonta, wannan ba abin wasa ba ne, in ya jiyo ƙamshin turarenta a matakala har mantawa yake da abin da ya fito yi. Amma sai ya yi lissafi irin nasa. In takardar gayyatar Italiya ta zo da sunan gwauro alhali shi ya zama mai iyali, ai an ɓata wa mutane aiki. Gara a jira takardar, a ga yadda suka tsara, sannan a ɗaura aure a tafi tare. Ya je ya yi wa Surayya wannan bayanin dalla-dalla. Ta ce to, Allah ya kawo takardar.

Ya shiga Balad ya sayo wani tsohon littafi mai kauri a wurin masu baza littattafai a ƙasa, littafin sarrafa fi'ilan Italiyanci da bayani cikin Larabci. Ba zai je ƙasar mutane yana nuni da yatsa kamar kurma ba. Ya buɗe shafin farko, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Mu a Hausa fi'ili mutumin kirki ne, wuri ɗaya yake zama: na kai, kin kai, mun kai, za mu kai, "kai" na nan daram, na gabansa ne ke canza riga. Su kuwa mutanen Italiya a wutsiya suke ɓoye komai. Wanda ya yi, da lokacin da ya yi, da ko ma ya yi ɗin ko tunanin yi kawai yake, duk suna can ƙarshen kalma. Porto, porti, porta, portiamo. Zaharadden ya gyara zama ya ce ai wannan sarfu ne irin na Larabci, an yi wanda ya fi shi.

Sai aƙidar allo ta motsa. Ya sayo farin allon makaranta ya rataye a ɗaki, ya sha alwashin ba zai buɗe babi na gaba ba sai ya haddace wanda yake ciki, kuma ba da fi'ili ɗaya ko goma ba, da duk ɗari huɗun da ke jere a bayan littafin. Har roba ya sa ya ɗaure shafukan da bai kai ba, kada ido ya yi satar kallo. Shekara guda ya kwashe a kan abin da ake yi yanzu. Ta biyu ta tafi a kan abin da aka yi ɗazu da wanda aka saba yi a da. A motar zuwa aiki yana yi, a layin burodi yana yi, in ya ƙwanƙwasa marmara da kari yake ƙwanƙwasawa. A nan ne unguwa ta raɗa masa Ɗalyani, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, ya ɗauka girmamawa ce.

Sinyor Ettore fa? Yana nan lafiya, a iya saninmu. Duk Sallah Zaharadden kan aika masa gaisuwa mai tsawo, an sarrafa kowane fi'ili yadda ya kamata, shi kuma ya maido hoton babban yatsa. Zaharadden ya ce manya ba sa yawan magana. A shekara ta uku yatsan ma ya daina zuwa, ya ce aiki ne ya yi musu yawa, ai shirya wa baƙo wuri ba ƙaramin abu ba ne.

A wannan shekarar ya shiga babin abin da ya faru tun da daɗewa, irin na labarin kakanni, wanda littafin da kansa ya ce ba kowa ke amfani da shi a hira ba. Wani zai tsallake. Zaharadden ya ba shi wata goma sha takwas. Kuma a ciki ya tsinci abin da ya ƙara masa taurin kai: portammo, mun kai, da mim biyu reras. Ya hau sama da gudu, ya manta da matakala ta uku har ya goge ƙafa.

"Yaya, kin gani? Shadda! Abin da ya riga ya faru, halas, an gama, ba makawa, shi suke sa wa shadda. Mutumin nan ya ɗauki tafiyata kamar an riga an yi ta."

Saudatu ta dubi allon da ya kinkimo, ta dubi ƙafarsa mai jini.

"Ya akhi, ni ban yi karatun Ɗalyan ba. Amma littafin nan ba a hannunka yake ba? Ka cire robar ka duba gaba mana, ka ga ko kalmar taka na ciki."

"Ba a haka, Yaya. Karatu bi da bi ne."

"Aure ma bi da bi ne. An yi gaisuwa, an yi tambaya, saura me?"

Ya yi kunnen uwar shegu ya sauka.

Da ya iso babin abin da za a yi nan gaba, sai ga kalmarsa a tsakiyar shafi: porteremo, za mu kai. Mim ɗaya. Nan ya kamata gabansa ya faɗi. Ina! Cewa ya yi wannan shi ne alkawarin gama-gari, wanda ake yi wa kowa da kowa, nasa mai shadda na musamman ne, yana can gaba inda ake ajiye manyan abubuwa. Kuma tunda ya gano sirrin, sai ya ga bai dace ya bar Surayya da alkawarin gama-gari ba. Littafi ya ce ci sposeremo, za mu yi aure. Shi ya ƙara mata shadda daga aljihunsa. Duk ranar Juma'a bayan la'asar in ya je gaishe ta, tana zaune a bakin ƙofa tana zuba turare a kwalabe, sai ya dafa ƙirji ya ce:

"Ci sposeremmo, ya Surayya."

"Me ke nan kuma?"

"Za mu yi aure. Amma ki lura da mim ɗin, na danne ta. Wannan ya fi wallahi ƙarfi."

Farko tana dariya har da riƙe ciki. Daga baya ta koma murmushi. A shekara ta biyar ko murmushin babu, sai ta ci gaba da cika kwalabenta kamar rediyo ne ke magana.

Wata Juma'a ta ajiye kwalbar ta dube shi.

"Malam Zaharadden, ni ba yarinya ba ce. Shekarata arba'in da ɗaya. Ban ce ka fasa Italiya ba, ban ce ka ƙona littafi ba. Rana nake so, da Hausa. Wata kaza, kwana kaza."

"Ki ƙara haƙuri kaɗan, na kusa. Babi uku ya rage."

"Babin ne zai kawo takardar?"

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin yadda abubuwan suke da alaƙa, sai ya ga ita ba bayani take jira ba. Ta ba shi lokaci mai yawa, har aka fara kiran magariba. Rana dai ba ta fito daga bakinsa ba. Mutumin da ya iya faɗin "zan yi" ta hanya shida a harshen da ba wanda ke ji a unguwar, ya kasa cewa "bayan Sallah" da harshen uwarsa.

Bayan wata bakwai aka ɗaura auren Surayya da wani Jabiru, direban wani gida a Abhur, mutum mai sanƙo da fi'ili ɗaya tak a bakinsa, shi ne yalla, wato mu je. Zaharadden ya ji ciwo ƙwarai, ya rame, kwana uku bai taɓa allo ba. A na huɗu ya tashi ya goge ƙura, ya ce wa kansa ai tafiya irin wannan dole sai an bar wani abu a baya. Ya shiga babin shakka da fata, inda ake cewa ina jin ya zo, ina fatan ya zo, ko da ya zo. Babin nan ya yi masa wuya fiye da duk na baya, don shi mutum ne da bai saba da shakka ba. Ya ci masa kusan shekara biyu.

Ranar wata Asabar da hantsi, shekara bakwai da 'yan watanni bayan walimar Abhur, ya wanke allonsa, ya yi bisimilla, ya zare robar daga babi na gaba. A saman shafin an rubuta condizionale, a ƙasa da Larabci an ce: abin da da zai faru, da wani abu ya kasance. Ya fara karantawa da ƙarfi kamar yadda ya saba, yana bin layi da yatsa.

"Porterei. Porteresti. Porterebbe."

Yatsan ya sauka layi na huɗu ya tsaya.

Ga ta nan: porteremmo. Mim biyu. Ba a ɓoye take ba, ba ƙaramin rubutu ba ne, shafi na ɗari biyu da sha ɗaya, cikin littafin da ya kwana ya tashi da shi shekara bakwai. Ya ɗauko tsohuwar takardar kayan nan daga cikin jakar iƙamarsa, inda yake adana ta, ya ɗora kusa da shafin. Kunnensa bai ci amanarsa ba, harafi ɗaya bai kuskure ba. Sinyor Ettore ma bai yi masa ƙarya ba. Yabo ne irin na wanda ya ci kifi ya ƙoshi, ya faɗa ya hau jirgi ya manta.

Ya hau sama a hankali, wannan karon ya tuna da matakala ta uku. Saudatu na yanka albasa. Ya ajiye mata littafin a buɗe, ya zauna a ƙasa kamar yadda yake zama yana yaro.

"Na same ta, Yaya."

"Alhamdu lillahi. Me ta ce?"

"Ba 'za mu kai ka' take nufi ba." Ya ɗora yatsa a kan layin. "Da mun kai ka."

"Da me?"

"Da zai yiwu."

Saudatu ta ajiye wuƙar. Shekara bakwai tana tanadin abin da za ta faɗa masa a wannan ranar, ta tara maganganu masu kaifi da za su ishi unguwa guda. Da ta ga fuskarsa sai tausayi ya kama ta, ta rasa ta inda za ta fara.

"Yanzu wannan 'da' ɗin," in ji ta a hankali, "da muke faɗa kullum a gidan nan, kyauta, ita ce ka biya wa shekara bakwai?"

Idonsa na kan shafin, leɓɓansa na motsi, don hali ba ya barin mai shi ko a ranar makoki. Ya ɗauki fi'ili na gaba yana gwada shi a sabon ma'auni, kamar yadda ya yi wa ɗari huɗu a kowane babi. Sposerei. Sposeresti. Sposerebbe. Sai ya tsaya cak a kan na huɗu.

"Mene ne kuma?" in ji Saudatu.

"Abin da nake gaya wa Surayya duk Juma'a. Da shaddar da na ƙara." Ya ɗago ya dube ta. "Ci sposeremmo. Ba za mu yi aure nake ce mata ba, Yaya. Da mun yi aure nake cewa."

Saudatu ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗauki wuƙarta, ta jawo wata albasar, ta goge ido da bayan hannu.

"To ka gode wa Allah," ta ce. "Ko ba komai, ba ka taɓa yi wa baiwar Allah ƙarya ba."

Har yau yana Ammariyya, yana ƙwanƙwasa marmara a siton Abu Yazan, kuma ya ƙarasa littafin, don ba a barin allo rabi. In an turo wani daga Italiya duba na'ura, shi ake kira ya yi tafinta, baƙin kan yi mamakin inda ya samo irin wannan harshe mai tsabta. Wani lokaci in Surayya ta zo gaishe da Saudatu sukan haɗu a matakala, ta ce, "Ɗalyani, ya karatu?" ya ce, "Alhamdu lillahi," ya matsa jikin bango ta wuce. Sai ya tsaya nan har ƙamshin turaren ya baje, sannan ya tuna abin da ya fito yi.